Shagon da ya yi mana allon karramawa a Ahmadu Bello Way

Gaskiya mai shagon nan ya burge ni. Mu tsoffin ɗalibai ne muka yi karo-karo za mu karrama malaminmu da ya yi ritaya, bawan Allah duk ƙuruciyarsa a ɗakin gwaje-gwaje ta ƙare yana binciken yadda jiki ke gyara DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a ƙwayoyin jikinmu, in hasken rana ko hayaƙin sigari ya lalata shi, don in gyaran ya gagara ta nan cutar daji ke samun ƙofa. Fannin da Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar ɗan Turkiyya suka ci kyautar Nobel a 2015 kenan.

Na ce Alhaji so nake a zana mana siffar DNA, wato igiyoyin nan biyu masu murɗe da juna, ya karɓi wayata ya ƙura wa hoton ido, ya ce "ranka ya daɗe, bar min." Katako mai nauyi, rubutu ruwan zinare, ko harafi ɗaya bai kuskure ba. Kwana uku ya ce amma sai da ya kai biyar saboda rashin wuta, nan kam hankalina ya tashi.

Da Malam ya karɓa sai da ya bi zanen da yatsa, idonsa ya kawo ruwa.