Na kai Yaya kallon The Lion King don ta yi dariya

Kwana huɗu muka yi a Landan, dare ɗaya ne kawai ba mu da hidima, sai na ce lallai mu je wasan dandamali na waƙa da rawa. Yaya ta gindaya sharaɗi: "Auta, ko'ina ki kai ni, ban da inda zan yi kuka." Wata bakwai ke nan da rasuwar Baba, ban nemi ƙarin bayani ba.

Les Misérables na fara sokewa. Tun 1985 ake yin sa a garin, kowa na yabo, amma kafin a tashi an binne mutanen cikinsa da yawa. Mamma Mia kuwa waƙoƙin ABBA ne, Yaya ta ce ba ta san ko ɗaya ba. Sai na tsaya a kan The Lion King da ake yi a gidan wasan Lyceum, kusa da unguwar Covent Garden, tun 1999. Zakuna ne da birai, me zai sa mutum kuka? Na kalli fim ɗin na 1994 ina yarinya, wallahi waƙoƙin kawai na riƙe, na manta uban yana mutuwa.

Tikitin a wani shafin dillalai na saya, cikin gaggawa. Hawan can ƙololuwa suka ba mu, a gefe, kuɗin kuma kamar na kujerun gaba. Haushin bai taso mini ba sai da aka fara.

Fitila na mutuwa, matar da ke fitowa a matsayin Rafiki, birin cikin labarin, ta ɗaga murya da harshen Zulu, wata ƙatuwar rana na tasowa a bayanta. Tsigar jikina ta tashi. Raƙuman dawa suka shigo a hankali, ashe mutane ne a kan dogayen sanduna huɗu, hannu da ƙafa. Julie Taymor da ta tsara wasan ba ta ɓoye ɗan wasa a cikin dabba ba, fuskar zaki na bisa kansa, tasa fuskar a buɗe, kana kallon biyun a tare. Masu kiɗa ma ga su nan a gefen dandamali, hagu da dama, kana ganin hannunsu a kan ganga. Sai muka ji mutanen ƙasa sun ɗauki sowa da tafi, mu ba mu ga komai ba. Giwa ce ta biyo ta tsakanin kujerunsu, mutum huɗu a cikinta, kowa da ƙafa ɗaya. Mu sai da ta kusa hawa dandamali muka hango bayanta. Na leƙa har wuyana ya ƙage.

Duk da haka a ran nan da an tambaye ni, da na ce kuɗina ya biya tun minti goman farko.

Sai garken dabbobin dawa ya rugo, Mufasa, zakin da shi ne uban, ya faɗi, ɗansa Simba yana jijjiga shi yana kira. Ban iya juyawa na kalli Yaya ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci ta ce, "Auta, wannan ne ba kuka?" Mayafinta ya jiƙe. Na ce mu tafi gida, ta ce zauna.

Gara da ba mu tafi ba. A kashi na biyu akwai inda Rafiki ke gaya wa Simba ubansa na raye a cikinsa, sai fuskar Mufasa ta haɗu gutsure gutsure a tsakanin taurari. Nan ma Yaya ta yi hawaye, amma ta kamo hannuna ta matse. Da aka tashi, bayan awa biyu da rabi, ita ce ta riga ni miƙewa tana tafi, har hanyar jirgin ƙasa tana ɗan rera abin da ba ta san ma'anarsa ba.

Barkwancin Timon da Pumbaa, abokan Simba, bai kama ni ba, yaran da ke bayanmu dai sun sha dariya. Wanda ke da sabon rashi ya san da zancen Mufasa kafin ya saya. Kuma a nemi kujerar ƙasa ta bakin hanya, a saya kai tsaye daga gidan wasan. Ni har yau in na tuna giwar nan da na biya kuɗin ganinta aka nuna mini wutsiya, sai na ji kamar na sake rubuta wa dillalan nan saƙo na uku. Biyun farko ba su amsa ba.