Tankin tarar ruwan sama: aikin ya yi kyau, sai dai wuri ɗaya

Mai aikin famfon da ya haɗa mana tankin tarar ruwan sama a gidanmu na Kano ya san hannunsa. Tankin baƙi ne na roba mai cin lita 2,000, ya ɗora shi kan dakalin siminti, ya bi bakin kwanon rufi da indararo, ya sa raga saboda ganye da sauro.

Abin da ya fi burge ni wani bututu ne da ya tsayar kafin tankin, mai murfi a gindi. Nan ruwan farko yake zuba, sai ya cika sannan mai tsabta ya wuce. Da na kwance murfin bayan ruwan fari, abin da ya fito jajawur: ƙurar hunturu da iska ke kwasowa tun daga Bodele a Chadi, ga kashin tattabaru, ga ganyen darbejiya. Duk wannan da cikin tanki zai kwanta.

Lissafin da ya yi mini bai saɓa ba. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufinmu ya kusa murabba'in mita 100, don haka ruwa mai kyau guda ɗaya kan cika tankin. A markar Agusta kullum ambaliya yake.

Nan muka saɓa. Ya karkata bututun rarar zuwa kwatar titi, ni kuwa raina bai so ba. Ruwan nan fa daga Tekun Atlantika rana ta ɗaga shi tururi, iskar kudu maso yamma ta turo shi har ya haɗa hadari a kanmu. Wanda ya nutse ƙasa shi ke riƙe rijiyoyinmu da bazara, saura ya bi Challawa da Kogin Kano zuwa Haɗeja, har Tafkin Chadi. Yanzu kowa ya shafe tsakar gida da siminti, ta ina ƙasa za ta sha? Na ce a haƙa rami a cika da tsakuwa, nesa da masai. Ya yi ta ja, ƙarshe sai da na ƙara masa kuɗi.

Ruwan yana kumfa ko da sabulu kaɗan aka sa, kuma mun huta da 'yan garuwa duk damina. Na sha kam sai mun tafasa. In za ku sa a yi muku, ku sa batun ramin cikin ciniki tun farko.