Faya-fayan Maria Callas: muryar ta biya, mai shagon ne ya ɓata min rai

Jama'a, na sayi akwatin faya-fayan wasannin Maria Callas, shahararriyar mawaƙiyar opera (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa), da aka ɗauka kai tsaye a dandali. Farashinsa kun sani, ba wasa ba, ga kuɗin aikowa a kai. Ni saboda opera La Traviata ta Lisbon na rufe ido na saya, wadda ta yi a gidan opera na São Carlos ran 27 ga Maris, 1958, tare da mawaƙi Alfredo Kraus yana kan ƙuruciyarsa.

Ɗaukar tsohuwa ce, kuma ba a ɓoye ba. Ana jin tarin 'yan kallo da takun ƙafa a kan katako, har mutumin da ke ƙasan dandali yana tuna wa mawaƙa baiti, muryarsa kan riga tasu fitowa. Ko a jikina. Na kuma san a shekarar muryar ba kamar da take ba, in ta haura can sama takan ɗan yi rawa. A watan Janairun shekarar ne ma ta bar wasan opera Norma a Roma bayan kashi na farko, shugaban ƙasar Italiya na zaune a zauren, jaridu suka yi mata ca.

To amma ku saurari kashi na biyu na Traviata, inda mahaifin Alfredo, saurayin cikin labarin, ya zo yana roƙon Violetta, wadda Callas ta fito a matsayinta, ta rabu da ɗansa don kada auren 'yarsa ya lalace. Da ta amince, sai Callas ta sauke muryar ta koma siririya kamar zaren da ke shirin tsinkewa, amma bai tsinke ba, kowace kalma tana fita tar. Ba na jin Italiyanci sosai, duk da haka sai da tsigar jikina ta tashi, na ajiye abin da ke hannuna na zauna. Mace ce aka karya wa zuciya tana ƙoƙarin riƙe mutuncinta, kuma da murya kawai ta nuna haka. A lokacin na riga na yanke tauraro biyar zan bayar.

Sai na ɗauko faifai na biyu, mai ɗauke da kashin ƙarshe inda tarin fuka ke cinye Violetta. Kwalinsa an rubuta na biyu, na saka, sai ga kiɗan buɗe wasa ya sake tashi. Na ciro na duba, ashe na ɗaya ne aka saka min sau biyu! Wallahi raina ya ɓaci. Inda na fi ɗokin ji, wurin da Violetta ke karanta wasiƙar mahaifin Alfredo da bankwana da duniya, shi ne babu.

Na tura wa mai shagon hoton faya-fayan biyu gefe da gefe. Da farko shiru. Da ya ga dama ya amsa, wai sai in mayar da akwatin gaba ɗaya, kuɗin aikawa daga aljihuna, su bincika tukuna. Faifai guda fa! Da na tuna masa cewa ledar akwatin a yage ta iso, alamar an taɓa buɗe shi, sai ya ce wannan aikin masu kawo saƙo ne. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Opera Aida ta Meziko ta 1951, wadda ita ma ke cikin akwatin, tana nan lafiya, da doguwar muryar da ta cilla sama a ƙarshen kashi na biyu har zauren ya ruɗe da tafi. Ta ɗan sanyaya min rai, ba ƙarya. Amma duk sanda faifan farko na Traviata ya ƙare sai takaicin ya dawo sabo. Tauraro biyu na ba shagon, su ma albarkacin Callas ne, kuma har yanzu ina jiran faifaina.