A gyara tsohuwar laptop ko a sayi sabuwa?

Yawancin laptop ɗin da ke nawa, sai ka kunna ta ka gama shan shayi ba ta buɗe ba, matsalarta tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. Mai gyara zai kwance murfin ƙasa, ya sa SSD (ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa), ya ƙara RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) daga 4GB zuwa 8GB, sai ka ga ta farfaɗo. Kuɗin bai kai na sabuwa ba ko kusa. Ga ɗalibi ko mai aikin Word da Excel, ni wannan nake zaɓa. Sai dai a duba tukuna, don wasu an like RAM ɗinsu a jikin allon ciki (motherboard), ba ya ƙaruwa.

Sabuwa kuwa tana da hujja mai ƙarfi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 (wata na'urar tsaro a cikin kwamfuta) da processor, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa. Wadda ta gaza haka, SSD ba zai haye da ita ba. In kuma batir ya kumbura, maƙalin murfi ya karye, tana zafi tana mutuwa, kuɗin gyara ya doshi rabin na sabuwa, to a haƙura a saya.