Kyamarar Gaban Mota: Abin da Na Gani Bayan Wata Takwas

Wata takwas ke nan da na manna wata ƙaramar kyamara a gilashin gaban motata, amma sai a wata na biyar na san darajarta. Motoci biyu ne, baƙa da fara, suka yi karo a wata mahaɗar hanya ina biye da su, kuma duk da cewa babu wanda ya ji rauni, direbobin sun kaure da musu kan wanda ya keta danja. Na danna maɓallin da ke kulle bidiyo don kada sabon ɗauka ya hau kansa, na bar lambar wayata, na wuce.

A ranar cewa na yi ina jin baƙar motar ce ta shigo bayan jar wuta ta kama. Na ba da labarin a gida, na maimaita shi a wurin aiki, na sake faɗa wa jami'in inshora, kuma kafin mako ya zagayo kalmar "ina jin" ta ɓace daga bakina. Da zarar an tambaye ni, sai hoton ya faɗo mini a rai ba tare da wani lalube ba, wannan sauƙin kuwa shi na ɗauka a matsayin hujjar cewa ni ganau ne ba jiyau ba. Da na buɗe bidiyon, sai na tarar baƙar motar ta tsallake layi tun wutar ba ta koma ja ba, farar ce ta tashi kafin a ba ta hannu. Saura ƙiris maganata ta ɗora wa marar laifi asara, kuma har yau abin yana damuna.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan tarko. A 1996 John Shaw ya nuna cewa yawan yi wa shaida tambaya ɗaya yana ƙara masa yaƙini ba tare da amsarsa ta ƙara inganci ba, domin maimaici yana sa amsa saurin fitowa, ko daidai ce ko kuskure. Tun a 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai bidiyon haɗarin mota, bayan mako guda 16 cikin 50 da aka tambaya game da gudun motocin da kalma mai nuna ragargajewa suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali 7 ne kawai cikin 50 da aka tambaya da kalma mai sauƙi suka faɗi haka, kuma babu gilashin da ya fashe. John Wixted da Gary Wells sun bayyana a 2017 cewa wajen gane fuskar wanda ake zargi, yaƙinin farko, idan an ɗauke shi bisa tsari mai tsafta, shi ne abin dogaro. Shakkar da na nuna a ranar farko ta fi tabbacina na ranar bakwai gaskiya.

Kyamarar tana da nata rauni. Manhajar wayarta ta ƙi haɗuwa da ita, wannan ne ya jinkirta ni mako guda har sai da na cire katin ajiya na sa a kwamfuta. Da rana hotonta tar yake, tana kuma buga kwanan wata da lokaci a kansa, amma da dare hasken fitilu yana shafe lambar motar da ke tafe. Gaba kawai take kallo, kuma faɗin idonta yana sa abin da ke kusa ya yi kamar yana nesa.

Duk da haka ina ba kowane direba shawarar ya saye ta, ya haɗa da katin ajiya mai jure yawan ɗauka. Idan wani abu ya faru, ya fara rubuta abin da ya gani da gwargwadon tabbacinsa kafin ya kalli bidiyon, domin ni yanzu idan na tuna haɗarin, hoton kyamarar nake gani, ba abin da idona ya gani ba.