Na sayi faifai biyu saboda kiɗa ɗaya, ashe ba ya ciki

Bari in fara da abin da ya ƙona min rai tun kafin in huce in shiga yabo. Kundin kiɗan Selected Ambient Works Volume II na makaɗi Aphex Twin ne, bugun CD mai faifai biyu, na hannu na saya wajen wani mai sayar da tsofaffin fayafayai ta intanet, kuma abu ɗaya tak ya sa na saye shi, wato kiɗan nan da masoya ke kira Stone in Focus. Wanda ya san shi ya san shi, shi ne wanda aka ɗora a YouTube da bidiyon biri zaune cikin ruwan ɗumi ya lumshe ido kamar ba shi da bashin kowa. Minti goma ne, 'yan sautuka kaɗan suna ta zagayowa a hankali, ga wani ƙas ƙas a ƙasa kamar agogon bango, shi ke nan fa, amma na fi shekara biyu ina kwana da shi a kunne. Sai na ce to abin da ya yi min wannan hidimar ai ya cancanci in mallake shi a hannu, ya zauna a kanta tare da sauran.

Ranar da kayan suka iso ko faifai na ɗaya ban taɓa ba, na biyu na zura kai tsaye don na san lamba 19 ne. Na yi ta danna gaba, gaba, gaba, ina sauraren sakan goma goma na kowanne, har faifan ya ƙare babu agogon nan. Na dawo farko na sake. Na ce ƙila ni ne ban iya lissafi ba, na koma na ɗaya na bi shi kaf. Sha biyu a nan, sha biyu a can, 24 ke nan, nawa kuma babu shi babu dalilinsa. Wallahi a daren na rubuta wa mai sayarwar saƙo mai zafi, na ce jabu ya turo min, ya dawo min da kuɗina. Amsar da ya ba ni layi ɗaya ce, wai in je in bincika tukuna kafin in zagi mutane.

Na bincika kuwa, kunya ta kama ni. Da kundin ya fito a watan Maris na 1994 ba a sa wannan kiɗan a CD ɗin ba, a faifan garmaho da kaset kawai yake, su ne masu 25. Shi faifan CD abin da yake iya ɗauka bai wuce kusan minti 80 ba, biyun nan kuma sun cika maƙil, sun haura awa biyu da rabi a haɗe, dole wani ya sauka daga mota, sai ƙuri'a ta faɗa kan nawa. Bugun Amurka ma ya fi nawa ramewa, 23 ne a cikinsa. To na ba shi haƙuri dai, a taƙaice.

Amma fa ban janye fushina duka ba, don akwai laifin da nasa ne na gaske. Ya rubuta cewa kayan lafiya ƙalau suke, alhali takardar ciki ta sha ruwa ta manne, da na zo buɗewa rabin hotunan suka ɗaye. A wani kundin da sai in ce ba komai, takarda ce. A wannan kuwa takardar ita ce sunayen. Richard D. James, mai kiɗan, wato shi Aphex Twin ɗin, bai raɗa wa kiɗe-kiɗen suna ba in ban da guda ɗaya, Blue Calx, sauran hoto aka ba kowanne, sai masu saurare suka dinga kiran su da abin da suka gani a hoton, Rhubarb, Lichen, Cliffs da sauransu. Kun ga ke nan an sayar min da littafi an yage shafin da ke faɗin abin da ke ciki, kuma ko uffan bai ce ba a kan wannan.

Wata uku faifan ya yi a kanta ban kalle shi ba. Sai wani dare barci ya ƙi zuwa, waya ba caji, na ce bari in sa abin nan ko kuɗina ya yi amfani. Na sa na ɗaya daga farko, na kashe fitila. Na farko da muryar nan da aka yayyanka take yawo, na biyu mai ƙara kamar ana ƙwanƙwasa bututun ƙarfe, duk ina jin su sama sama, sai na uku ya shigo, Rhubarb, kai jama'a. Babu ganga babu murya, sauti ne mai taushi yana hawa yana sauka, sai na tsinci kaina ina tuna mutanen da na daɗe ban tuna ba. Na mayar da shi sau huɗu a daren. Ban ce ya maye gurbin wancan ba, kar a yi min ƙarya, amma ya rufe min baki.

Sai dai duk wanda ya ce muku wannan kundin na sa barci ne to bai saurare shi har ƙarshe ba, ko kuma uku huɗu ya tsinta a intanet ya yanke hukunci. Kusan rabinsa tsoro yake ba ni. Akwai waɗanda za ka ji kamar ana magana a ɗaki na gaba ba ka jin me ake cewa, akwai wanda gurnani ne kawai irin na taransifoma na tsawon mintuna har haƙoranka su fara amsawa. Shi kansa mai kiɗan ya kwatanta shi da tsayuwa cikin tashar wutar lantarki a buge, ya kuma ce wasu sautukan a mafarki yake jin su, in ya farka ya yi ƙoƙarin haɗa su da na'urorinsa. Da na ɗauka surutun masu fasaha ne, yanzu kam na yarda da rabi. Akwai guda biyu a faifai na biyu da har yau tsallake su nake in dare ya yi, kuma gaskiya ko da rana ba na jin na yi asara, ɗaya daga ciki ma ya fi tsayin da ya kamata. Shi ne abin da ke dawo min da haushi, a ce an samu wurin waɗannan amma ba a samu wurin nawa ba, haba.

Inda zan ajiye shi ma sai da ya zama rigima tsakanina da kaina. Da farko kusa da Music for Airports na Brian Eno na sa shi, tun da shi ne uban gidan wannan fanni na ambient, wato kiɗa mai sanyi da ke tafiya a hankali, 1978, kiɗa huɗu, da zaren kaset masu tsayi daban daban da aka bari suna zagayawa suna haɗuwa yadda suka ga dama. Amma shi Eno ya ce so yake kiɗan ya zama wanda za ka iya share shi kamar yadda za ka iya natsuwa ka saurara, kuma haka yake, ina sa shi ina aiki in manta yana yi. Wannan kuwa ba ya sharuwa, ka sa shi kana karatu sai ka ga ka ɗaga kai kana duba ƙofa. Na mayar da shi gefen yayansa, Selected Ambient Works 85-92 na 1992, nan ma suna kawai suka haɗa, wancan akwai bugu akwai kaɗa kai, wannan kusan babu ganga sam. Ƙarshe dai can bakin kanta na tura shi shi kaɗai, inda hannu ke fara kaiwa, kuma abin mamaki yanzu ya fi kowanne fita daga gidansa.

An sake buga shi a 2024 da ya cika shekara 30, an dawo da lamba 19 ɗin har da ƙarin wasu, na sani, ba sai an faɗa min ba, mutum uku sun riga sun turo min. Sau biyu ina sa shi a kwandon saye na intanet ina cirewa. In na saya ban san me zan yi da wannan mai ɗayayyiyar takardar ba, sayarwa ba zan yi ba don ba zan iya rubuta wa wani lafiya ƙalau ba, kuma kunnena ya riga ya saba da tsallen da yake yi daga 18 zuwa na gaba. Har yanzu dai in ina son nawa waya nake ɗauka in nemo birin nan, ga faifai biyu a gabana.