Hattara da mai tallar resista a zaurukanmu na Jidda

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka. Akwai wani bawan Allah da ke tallar kayan haɗa fitilun LED a zaurukanmu na WhatsApp, wai resistocinsa (ƙananan kayan da ke rage wutar da ke shiga ƙwan fitila) orijina ne daga Japan. Ni dai ya ci riyal 60 ɗina, ya haɗa da ƙwayayen fitila goma da barcin dare biyu.

Ana saura mako guda azumi na ce bari in haɗa wa yara fitilar ado mai siffar jinjirin wata. Adaftata mai bolt 12 ce, ƙwayayen kuma farare, kowanne yana shan kamar bolt 3 da miliamfa 20. Lissafin resistar da ake buƙata ba wuya: a cire 3 daga 12, saura 9, a raba da 0.02 (wato miliamfa 20 ɗin), ya ba da om 450 (om shi ne ma'aunin resista). Mafi kusa a kasuwa shi ne 470, mai ƙarfin kwatan wat, kowane ƙwai da nasa. Haka na rubuta masa ɓaro-ɓaro. Ya ce in fara tura kuɗi, washegari wani yaro ya kawo mini leda an manna mata takarda: 470.

Takardar nan na yarda da ita, a nan nawa laifin yake. Na zauna na liƙe layin farko da dalma, na jona wuta. Haske ya tashi fau kamar na mai walda, yara har da tafi. Ko minti ɗaya ba a yi ba ƙauri ya cika ɗakin, ƙwayayen suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, resistocin sun yi baƙi ƙirin.

Na kwashi ragowar zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Bab Makka. Ya ɗora mita, ta nuna 47. Ya ɗauko wata, 47. Ya miƙo mini tabarau ya ce, "Ɗana, dubi zobe na uku." Launukan zobban jikin resista ne ke nuna girman om ɗinta: mai 470 zobbansa rawaya ne, shunayya, sai ruwan ƙasa. Nawa na ukun baƙi ne wuluk. Wato wutar da na ɗura wa kowane ƙwai ta kusa ninki goma na abin da zai iya ɗauka. Ya ƙara da cewa in zoben ƙarshe ruwan zinare ne, kuskuren bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, don haka ya kamata mita ta nuna tsakanin 446 da 494. Girmansu ma bai kai na kwatan wat ba, ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa.

Da na tura wa mutumin hoton mitar, sai ya ce wai zafin Jidda ne ya sauya su. Zafi ne ya sauya launin zobe? Daga nan ya toshe ni.

Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi a lamba 1900, amma ni ba fatura, ba sunan shago, ba adireshi, me zan kai musu? Ku saya a shagon da ke ba da fatura, ku sa a auna muku biyu ko uku a gabanku.

Jiya na sake ganin tallar da sabuwar lamba. Hoton bai sauya ba: koren akwatin roba mai ƙananan aljihuna, an ajiye shi a kan jar darduma.